Muhawara: Shin sassaƙar fuskokin dodanni na da gurbi a ajin koyar da zane da ƙira?

Malamin Zane:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina koyar da zane da ƙira a wata kwalejin fasaha, kuma a bana an ɗora mini aikin sabunta darasin sanin kayan aiki na 'yan aji biyu. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk ƙarshen zangon karatu, da zarar an gama ba da maki, sai a kwashe ayyukan ɗalibai da aka yi da soso da roba da fentin mai, a tara su a bayan sito a cinna musu wuta, baƙin hayaƙin ya turnuƙe sashen har yamma. Muna karantar da ɗorewar muhalli a kan allo, muna ƙona roba a bayan aji.

Shi ya sa na yi tunanin ware mako shida domin nazarin yadda al'ummomin ƙasar nan suke ƙera fuskokin dodanninsu, irin Gelede na Yarbawa, da Ijele na Ibo a Anambra, da na Camba da Mumuye a Adamawa da Taraba, tun da kusan duk kayan da ake haɗa su da shi daga daji ake samo su, kuma ƙasa ce ke cinye su idan sun tsufa. Niyyata ita ce kowane ɗalibi ya sassaƙa fuska ɗaya da hannunsa kafin zangon ya ƙare. Ina neman shawararku kafin in kai takardar gaban kwamitin manhaja.

Jikan Masassaƙi:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni dai na yi maraba da wannan tunani, domin a gidan sassaƙa na tashi, ko da yake turmi da akushi da kujera kakanmu yake yi, bai taɓa sassaƙa fuska ba. Abin da ɗalibanka za su ƙaru da shi ba ya cikin littafi. Masassaƙi yakan fara da tambayar me za a yi da abin, sannan ya zaɓi itace. Turmi yana son ƙirya saboda tauri, amma abin da mutum zai ɗora a ka ya yi rawa da shi tsawon yini yana son itace marar nauyi irin rimi ko gurjiya. Ana sassaƙa itacen tun yana ɗanye domin gizago ya ci shi cikin sauƙi, a rarake cikinsa da wuri saboda ya bushe daidai ciki da waje kada ya tsage, sannan a ajiye shi a inuwa, ba a rana ba. Ɗalibin da ya saba yanka soso, wanda ba ya gardama da wuƙa ta kowace fuska aka bi da ita, bai san cewa kayan aiki na da nasa ra'ayin ba sai ranar da ya sari itace ta inda bai dace ba.

Ma'aikacin Gandun Daji:
Malam, ka yi mini afuwa, zan ɗan zuba ruwan sanyi a kan maganar. Kasancewar abu daga daji ya fito ba ya nufin ɗaukarsa ba ta da illa. Sassaƙar fuskoki ta ɗore a da ne saboda ƙauye guda yana iya shekaru bai buƙaci sabuwar fuska ba, kuma masassaƙin yana neman izini, a wasu wuraren har da yanka, kafin ya sare itace ɗaya. Ƙarancin buƙata ne ya kare dajin. Kai kuma idan kana da ɗalibai ɗari, kana neman gungume ɗari ke nan duk shekara, ban da waɗanda za su tsage a hannun 'yan koyo, kuma ka san za su tsage.

A nan Taraba muka ga abin da buƙata mai yawa take yi wa itace. Madobiya, wadda 'yan katako suka laƙaba wa suna madrid, an yi ta lodin ta a manyan motoci zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas domin kai wa Sin, har ta kai an sanya ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ke sa wa ido a 2017, sannan a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya. Na san ba masassaƙan fuskoki ne suka yi wannan ɓarnar ba, amma darasin ɗaya ne: itacen da kakanninmu suka yi ɗaruruwan shekaru suna amfani da shi bai ƙare ba, kasuwa ta kusa share shi cikin shekarun da ba su kai goma ba.

Hajiya Mai Adana Tarihi:
Yallaɓai na gandun daji ya faɗi gaskiya, sai dai ina ganin ku duka ukun kun ɗauka cewa fuskar dodo itace ce kawai, alhali a wurin masu abin, katakon da ke kan fuska ɗan ƙaramin ɓangare ne na dodon. Mu ma'aikatan gidajen tarihi muna da laifi a nan, domin mu ne muka saba cire kan mu rataye a bango, mu bar rigar zare da ganye ta ruɓe a sito.

Ku dubi Ijele, wanda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2009. Tsayinsa ya kai kimanin mita huɗu, amma ƙashin jikinsa gora ce aka ɗaɗɗaure, aka lulluɓe da yadi mai launi iri-iri. Mai son koya wa ɗalibi yadda ake gina abu mai girma marar nauyi, wanda mutum ɗaya zai ɗauka ya juya da shi bai faɗi ba, ga darasi nan a shimfiɗe. Ku dubi kuma mutanen Bwa na Burkina Faso, waɗanda suke da dodon ganye: da asuba ake shiga daji a naɗe mai rawar da igiyoyin kurangar daji, a soka masa ɗanyen ganye tun daga ka har ƙafa, ya shigo gari ya yi aikinsa, da yamma a koma daji a warware. Babu abin da ake ajiyewa. Hatta fuskokinsu na katako, rigar da ke tare da su zaren rama ce da aka rina. Gara da ƙwari suna cin fuskar katako, kowa ya san haka, kuma idan ta lalace sai a sassaƙa wata a madadinta. Abin da ake gādo shi ne sanin yadda ake yi, kuma shi nake so Malam ya koyar.

Amma akwai wani hanzari ba gudu ba. Da yawa daga cikin waɗannan fuskoki na ƙungiyoyin asiri ne, kuma akwai waɗanda mata ko marasa kaciya ba sa ganin su. Idan ka umarci ɗalibi ya kwaikwayi fuskar Camba domin neman maki, kana iya samun ɗan Camba a ajin da zai ga an wulaƙanta abin da kakansa yake girmamawa.

Ɗaliba 'Yar Aji Uku:
Malamaina, ku ba ni dama in faɗi abin da na san ɗalibai za su faɗa a bayan idon Malam. Mu da yawa Musulmi ne, kuma tun muna ƙanana aka koya mana cewa sassaƙa surar mai rai haramun ne, balle surar da wasu suke yi wa yanka. Akwai kuma ƙawayena Kirista da cocinsu ya hana su kusantar duk abin da ya shafi dodanni. Idan aka ce sai ka sassaƙa fuska za ka ci darasin, wasu za su biya wani ya yi musu, wasu kuma za su yi da ƙyamar abin a zuci, kuma ban ga yadda za a koyi sana'a da ƙyama ba.

Malamin Zaure:
'Yata, damuwarki tana kan hanya, kuma bai kamata a yi mata dariya ba. Hadisan da suka yi gargaɗi ga masu yin surori ingantattu ne. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani dalla-dalla: abin da suka haɗu a kan haramcinsa shi ne surar mutum ko dabba mai jiki, wadda take da inuwa, kuma gaɓoɓinta suka cika. Sun sassauta a kan wadda aka tauye mata abin da rayuwa ba ta yiwuwa sai da shi, kuma sun yi rangwame a kan 'yar tsanar yara mata. Sai dai batun abin da aka ƙera domin bauta ko tsafi daban ne, domin a nan manufar ce matsalar, ko da surar ba ta cika ba. Kallo da nazari domin sanin yadda aka yi abu kuwa ba ɗaya ba ne da ƙera shi. Shawarata ga Malam ita ce kada ya ɗaura cin jarrabawa a kan abin da zai sa yaro ya zaɓi tsakanin maki da natsuwar zuciyarsa, tun da dabarar hannu ana iya koyon ta a kan akushi ko allo.

Ɗan Zangon Wagadugu:
Gafarta Malam, Allah ya ƙara sani. Ni abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda ake magana kamar mu Hausawa ba mu taɓa rufe fuska ba. A nan Wagadugu, duk watan azumi yara maza suna fita da dare suna wasan da ake kira Dodo, suna sanye da fuskokin dabbobi da aka fi yi da ƙwarya da kwali da tsumma, suna bi gida-gida ana ba su kyauta. Sunan kansa ya nuna asalinsa, domin fataken Hausa ne suka kawo shi ƙasar Mosi a ƙarni na 19, kuma duk wanda ya yi tashe a Kano ko Damagaram zai gane ɗan uwansa da gani. Wane ne a cikinmu bai manna gemun auduga ya yi tsoho da gemu ba?

Sannan ga burtu. Maharbi yakan sassaƙa kan tsuntsun da dogon wuyansa, ya rufe shi da fata, ya ɗaura a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane yana rarrafe yana sassara ƙasa kamar tsuntsu mai kiwo, har ya kusanci namun daji ba su tsorata ba. Ban san wani aikin ƙira da ya fi wannan cika sharuɗɗan da kuke koyarwa ba: dole nauyinsa ya daidaita a goshi, dole ya yi motsi irin na tsuntsun, kuma dabbar da ake farauta ce mai ba da maki. Babu bauta a ciki, kayan sana'a ne kamar kwari da baka.

Malamin Zane:
Wallahi burtu bai zo mini a rai ba, kuma na ji kunya, domin na tsallake abin da ke ƙofar gida na tafi Anambra. Amma bari in kare kaina kaɗan game da aro daga al'adun wasu. Wannan ba sabon abu ba ne a makarantunmu. A 1958 ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiyar masu zane da ta haɗa da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka ƙi yarda a ce zanen Turai kaɗai ne zane, suka ce a haɗa dabarar zamani da gādon gida. Kusan duk abin da ake alfahari da shi a zanen Nijeriya na zamani yana da jijiya a wannan tawaye. Ina ganin abin da nake son yi ci gaban wancan ne.

Hajiya Mai Adana Tarihi:
Malam, misalin da ka kawo ni yake goyon baya. Waɗancan samarin kowa gidansu ya koma. Uche Okeke zanen uli na matan Ibo ya ɗauka, wanda mahaifiyarsa ta iya, shi ne kuma ya raya shi a jami'ar Nsukka daga baya, Onobrakpeya kuma ya koma ga tatsuniyoyi da siffofin Urhobo. Ba su ce kowa ya kwaikwayi fuskar maƙwabcinsa ba.

Idan kana neman misalin da ya fi kusa da abin da kake so, ka dubi Lamidi Fakeye. Ɗan gidan masassaƙa ne daga Ila Orangun, ya yi koyo a hannun George Bamidele, ɗan shahararren masassaƙin nan Areogun, ta dalilin wurin koyon sana'a da limaman Katolika suka buɗe a Oye-Ekiti a 1947, inda Fada Kevin Carroll yake kula da aikin. Fakeye Musulmi ne, ya sassaƙa ƙofofin coci da ginshiƙan gine-ginen gwamnati, kuma a 1978 jami'ar Ife ta ɗauke shi yana koyar da sassaƙa. Haka Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, ta shiga cibiyar tukwane ta tsohuwar Abuja (Suleja ta yanzu) a 1954 da gwanintar da ta koya a gida. A duka biyun, mai sana'ar ne ya shigo makaranta da kansa, ba hoton aikinsa aka haska a bango aka ce yara su kwafa ba.

Wannan yana da muhimmanci saboda tarihin waɗannan fuskoki tarihin ɗauka ba tare da biya ba ne. Fuskar hauren giwa ta Sarauniya Idia, wadda sojojin Ingila suka kwashe daga birnin Benin a 1897, ita ce tambarin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Legas a 1977, amma da Nijeriya ta nemi a ba ta ita ko da aro ne ba ta samu ba, sai wata aka sassaƙa a gida. A 2022 kuma an sayar da wata fuskar mutanen Fang na Gabon a Montpellier ta Faransa a kan yuro miliyan 4.2, bayan dillalin ya saye ta yuro 150 daga wasu tsofaffi da suka gāje ta daga wani jami'in mulkin mallaka. Aka yi ta shari'a a kan wa ya cuci wa tsakanin dillali da tsofaffin, jikokin wanda ya sassaƙa ta kuwa ko sisi. Ba na so makarantunmu su zama ƙaramin samfurin wannan.

Jikan Masassaƙi:
Hajiya, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. An taɓa gayyatar baffana wata makaranta ya nuna wa ɗalibai yadda ake riƙe gizago. Ya bar aikinsa na kwana uku, ya biya kuɗin mota da kansa, aka ɗauki hotuna da shi, aka sallame shi da lemo da takardar yabo, wai ƙa'idar biyan kuɗi ba ta san wanda ba shi da takardar shaidar karatu ba. Sana'ar da mai ita ba ya cin abinci da ita ba za ta ɗore ba ko da dajin ya cika da itace, domin 'ya'yansa acaɓa za su tafi. Idan za a kira masassaƙi, a rubuta kuɗinsa cikin kasafin darasin tun farko, daidai da na malamin da ake gayyatowa daga wata makaranta.

Ma'aikacin Gandun Daji:
Tun da an sauko daga gungume ɗari, ni ma zan sauko. Akwai abin koyi a Kenya, inda masassaƙan Kamba suke da kasuwa babba ta masu yawon buɗe ido. Da itatuwan dajin da suka dogara da su suka fara ƙaranci, sai aka yi ta ƙarfafa musu gwiwa su koma ga dogon yaro da mangwaro da sauran itatuwan gona masu saurin girma. Mu nan dogon yaro ya cika titunanmu, kuma duk shekara ana sassabe rassansa saboda wayoyin lantarki a bar su a gefen hanya. Malam zai iya shiryawa da masu kula da harabar makarantarsa su riƙa tara masa rassan, ga kuma guntayen malaina a wurin masu yankan katako. Ƙwarya kuwa ta fi duka, tun da duma shuka ce ta damina ɗaya. Abin da nake roƙo kawai shi ne kowane ɗalibi ya rubuta sunan itacen da ya yi aiki da shi, da inda aka samo shi, da shekarun da yake ɗauka kafin ya girma, kuma a ba wannan bayanin maki kamar yadda ake ba kyan aikin.

Ɗaliba 'Yar Aji Uku:
Idan burtu ne ko ƙwaryar tashe, ko kuma a bar mutum ya yi abin da ba shi da fuska, ni zan shiga da farin ciki. Tambayata a kan launi ce. Fentin da muke saya a gwangwani shi ya fi cin kuɗinmu, shi ne kuma ya fi wari idan ana ƙonawa. Da me masu sassaƙar suke shafe nasu?

Hajiya Mai Adana Tarihi:
Ƙanwata, launuka uku ne ginshiƙi a yawancin wurare: fari daga farar ƙasa, ja daga jar ƙasa ko garin majigi, baƙi daga gawayi ko kunkunniya ko 'ya'yan bagaruwa da aka dafa. Yarbawa suna ƙarawa da shuni, ana kuma kwaɓa garin da ƙaro ko ƙwai domin ya kama. Ku da kuke kusa da marina da majema ba ku da uzuri, domin baba da karan dafi da bagaruwa duk suna kasuwa. Sai dai kada in yaudare ki: masu Gelede da yawa sun daɗe da komawa fentin gwangwani, saboda ya fi ƙyalli kuma ruwan sama ba ya wanke shi, launin ƙasa kuwa sai an sabunta shi kafin kowane biki. Kada Malam ya nuna wa ɗalibai cewa masassaƙin gargajiya wani waliyyin muhalli ne. Mutum ne mai lissafi, kuma dalilin da ya sa ya bar farar ƙasa ya kama fenti tambaya ce da ta cancanci mako guda ita kaɗai.

Malamin Zane:
Na gode ƙwarai, takardar da zan kai ba ita ce wadda na zo da ita ba. Mako biyun farko za mu yi nazari ne kawai, har da ziyarar gidan tarihi na Jos idan an samu mota, domin a ga yadda aka rarake ciki da yadda aka huda wurin gani da na ɗaura zare. Ba za a kwaikwayi fuskar asirin kowa ba. Sauran mako huɗun kowane ɗalibi zai ƙera abin ɗorawa a ka ko a fuska da ƙwarya ko gora ko kaba ko reshen da aka riga aka sare, ya sa shi ya yi tafiya da shi minti goma a gaban aji, wanda bai so yin sura ba kuma ya yi malfa ko wani abin kariya daga rana da dabarun da ya koya. Zan saka kuɗin masassaƙi a kasafi, ko da yake a nan ne nake tsammanin kwamiti zai ja da ni. Abin da ya rage shi ne mutumin. Akwai wanda ya san maharbin da har yanzu yake sassaƙa burtu da kansa?

Jikan Masassaƙi:
Akwai wani dattijo a ƙauyen kakannina da ya yi wa maharban yankin da dama, amma idonsa ya fara rauni kuma ba ya son doguwar tafiya. Zan je gida ranar Juma'a in tambaye shi. Idan ya ce ba zai zo ba, Malam, sai ka shirya kawo yaran wurinsa, kuma gara a yi kafin damina ta sauka, domin da ruwa ya zuba mota ba ta shiga garin.